Daga Marisuwa Zuwa Korona: Yadda Muka Yi Da Takunkumi A Sabon Badun

 

Kwanan baya muna zaune a rumfar goro bayan sallar la'asar, sai ɗaya daga cikin yaranmu ya zazzage wani tsohon buhu, sai ga ƙyallaye uku na atamfa sun faɗo, kowanne da roba a gefe biyu. Wani ɗan ƙaramin jikanmu ya ɗauki ɗaya yana juyawa, ya ce, "Baba, wannan hular 'yar tsana ce?" Muka kwashe da dariya. Amma da dariya ta lafa sai jikinmu ya yi sanyi, domin abin da ya hana mu shiga banki, ya haɗa mu da 'yan sanda, ya raba mana sahu a masallaci, ga shi tun ba a je ko'ina ba yaro bai san sunansa ba. Haka aka manta da annobar zamanin kakanninmu. Shi ya sa muka ga ya dace a rubuta yadda muka yi da wannan ƙyalle, da daɗi da ba daɗi, domin na baya su sami abin dubawa.

SHEKARAR MARISUWA

Kowa dai ya san goro da shanu su suka zaunar da mu a ƙasar Yarabawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, daga nan goro ya riƙa hawa Arewa, shanu na saukowa Kudu. A 1916 aka yanka wa Hausawa wannan fili da muke kira Sabo, aka ce su taso daga cikin gari su zauna wuri ɗaya a ƙarƙashin sarkinsu.

Unguwar ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba sai ga babbar annoba. A watan Satumba na 1918, ana gab da gama Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani jirgin ruwa mai suna Bida ya iso Ikko daga ƙasar da yanzu ake kira Ghana, ɗauke da mutane masu wata irin mura mai kisa. Turawan mulki suka shiga killace mutane, ana bi gida-gida ana feshin magani. Jama'a kuwa da suka ga haka sai suka tsorata suka yi ta gudu daga Ikko, kowa ya nufi garinsu, cutar na biye da su. A watan Oktoba ta shigo Badun, kafin shekara ta ƙare ta bi layin dogo ta kai Arewa. Watau hanyar da goronmu ke bi, ita cutar ta bi. Hausawa suka sa mata suna marisuwa, Yarabawa suka ce lukuluku. Masu binciken tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Nijeriya, a lokacin da duk mutanen ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Har muka yi wayo akwai tsofaffin da in an tambaye su shekarunsu sai su ce, "An haife ni shekara kaza bayan marisuwa."

A wannan annoba ce aka fara rigimar rufe baki da hanci a idon duniya. A can Amurka, birnin San Faransisko ya kafa doka a Oktoban 1918 cewa kowa ya ɗaura ƙyalle in zai fita, ana cin tarar masu ƙi, wasu har a kulle su. Zuwa Janairun 1919 sai da mutanen birnin suka kafa ƙungiya sukutum ta masu adawa da dokar. Mun kawo wannan ne don kada wani ya ce taurin kai a kan ƙyalle mu muka fara shi. Ɗan Adam ko'ina yake ba ya son a taɓa masa fuska.

Bayan marisuwa da shekara shida, a 1924, annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓulla a Kumasi da Ikko. A Kumasi zangon baƙi ne ya fi jin jiki, hukuma ta rushe gidaje da yawa a can, daga baya aka gina sabon zango. To, a nan akwai darasin da ya kamata kowane mazaunin Sabo ya riƙe: duk ranar da annoba ta shigo gari, unguwar baƙi ake fara kallo. Mu ke da cunkoso, mu ke da masu shiga da fita dare da rana, saboda haka yatsa ba ya wuyar nuno mu.

SANƘARAU DA EBOLA

Mu da muka haura hamsin mun ga annoba biyu da idonmu kafin korona, kuma kowacce ta bar mana tabo a zuciya.

Ta farko ita ce sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000, akasari a Arewa, har Saudiyya ta dakatar da alhazan Nijeriya a shekarar. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka rasu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wannan magana ta shiga kowane zango. Ita ce ta ƙara wa jita-jitar allurar shan-inna ƙarfi har aka dakatar da ita a Kano a 2003. Tun daga lokacin, duk abin da aka ce ya fito daga Turai don lafiyarmu, sai an sami mai cewa akwai lauje cikin naɗi.

Ta biyu ita ce Ebola. Ranar 20 ga Yuli, 2014, wani mutum ya sauka Ikko daga Laberiya da cutar a jikinsa. Wata likita, Stella Adadevoh, ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, ita ma ta kamu ta rasu. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Ita Ebola ta taɓa jiki da jini da gumin mara lafiya take kamawa, shi ya sa maganar lokacin ta wanke hannu ce, kowace ƙofa da bokiti da sabulu.

Amma wa zai manta da daren gishiri? A farkon watan Agusta, da tsakar dare wayoyi suka yi ta ƙara, wannan daga Kano, wancan daga Sakkwato: "Ku tashi ku yi wanka da ruwan gishiri kafin asuba, ku sha kaɗan!" Wallahi da yawanmu mun yi. Masu hawan jini da suka ɗirka wa cikinsu gishiri wasu sai asibiti. Haka aka ce namijin goro na maganinta, nan da nan ya yi tsada a hannunmu, ministan lafiya na ta musantawa, mu kuwa muna ta sayarwa. Abin lura shi ne, maganar da gwamnati ta yi sati tana faɗi a rediyo ba ta shiga ba, amma wayar ɗan'uwa guda ɗaya ta tashe mu daga barci. Mu mutane ne masu duba bakin da magana ta fito kafin mu duba maganar.

ZUWAN KORONA DA DOKAR ƘYALLE

Korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen 2019. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da ita a Nijeriya a jikin wani mutumin Italiya da ya sauka Ikko. Daga 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya kulle Ikko da Ogun da Abuja. Mu nan Oyo ba a yi mana kulle gaba ɗaya ba. Gwamna Seyi Makinde, wanda shi kansa ya kamu a ƙarshen watan, dokar hana fitar dare ya kafa, ya hana taruka. A watan Afrilu gwamnatinsa ta ce kowa ya rufe baki da hanci a bainar jama'a, ta kuma ba teloli aikin ɗinka ƙyalle miliyan ɗaya. Ranar 27 ga Afrilu Shugaban Ƙasa ya yi jawabi, ya ce daga 4 ga Mayu za a sassauta kulle, amma sa ƙyalle ya zama dole, kuma an hana zirga-zirga tsakanin jihohi in ban da masu ɗaukar abinci da kayan larura.

Dalilin dokar a fili yake ga wanda aka yi wa bayani. Ƙwayar cutar a numfashi take tafiya. In mutum ya yi tari ko atishawa, ko ma magana da ƙarfi, wani feshi na fita daga bakinsa da hancinsa wanda ido ba ya gani duka, na kusa da shi ya shaƙa. Abin da ya fi muni, mutum na iya ɗauke da ita kwana da kwanaki yana yawo garau yana rabawa bai sani ba. Ƙyalle yana tare yawancin wannan feshi tun daga bakin mai shi, yana kuma rage abin da zai shigo. Na asibiti ya fi na atamfa, amma ko na atamfa in ya rufe hanci da baki sosai ya fi babu. Watau wanda ya sa, ya fi yi wa na kusa da shi amfani fiye da kansa. Wannan bayani shi ne bai iso Sabo da wuri ba. Doka ce ta riga shi zuwa.

SUNAN DA AKA SA MASA

Tun daga suna aka fara samun tangarɗa. Gidajen rediyon Hausa suka kira shi takunkumi. To, jama'a, mu da muka tashi cikin fatake da 'yan kara, mun san abin da ake ɗaura wa takunkumi: jaki, don kada ya ci amfanin gonar mutane, ko maraƙi, don kada ya shanye nonon uwarsa. Banda wannan, ma'ana ta biyu da muka sani ita ce ta zamanin Janar Abacha, lokacin da ƙasashen Turai suka ƙaƙaba wa Nijeriya takunkumi bayan 1995. Duk ta inda ka juya kalmar, horo ce. Yaya za ka dubi dattijo mai furfura ka ce, "Alhaji, sa takunkuminka"? Maƙwabtanmu Yarabawa sun fi mu dacewa, suka ce ibomu, watau marufin hanci, ba zagi ba habaici. Samarinmu kuwa suka huta da kunya suka riƙa cewa fes mas.

Telolin Sabo, waɗanda aikin babbar riga ya tsaya musu cak saboda ba biki ba suna, suka koma ɗinka shi da guntayen yadi. Yara na yawo da shi a faranti daga Mokola har Dugbe, naira ɗari-ɗari. Wasu iyalai da wannan suka ci abinci a azumin shekarar. Saboda haka samun ƙyalle bai zama matsala ba. Sawa ita ce aiki.

In za mu faɗi gaskiya, kashi-kashi muka rabu. Akwai 'yan haɓa, su ne mafi yawa: ƙyalle na rataye ƙarƙashin gemu tun safe, da an hango shingen 'yan sanda sai a ja shi sama, da an wuce ya koma mazauninsa. Akwai 'yan aljihu, nasu na nannaɗe tare da goro da carbi, har ya rine ya yi ja. Akwai masu rufe baki su bar hanci a waje, wai don su sha iska. Akwai kuma 'yan aro. Da idonmu mun ga layi a ƙofar wani banki, maigadi ya ce ba mai shiga sai da ƙyalle, sai mutum biyar suka yi karo-karo da guda ɗaya, wannan ya fito ya cire ya miƙa wa wancan. Ka ji inda magani ya koma guba! 'Yan kaɗan da suka sa shi yadda ya kamata, su kuma suka sha tsiya, ana ce musu likita bokan Turai.

ME YA SA MUKA YI HAKA?

Ba wauta ce zalla ba, akwai dalilai, kuma ya kamata a faɗe su.

Na farko, rashin yarda. Waɗanda aka fara jin sun kamu manya ne masu hawa jirgin sama: gwamnoni da manyan jami'ai. Ranar 17 ga Afrilu, 2020, Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu. Ranar 25 ga Yuni tsohon gwamnanmu Abiola Ajimobi ya bi shi. Sai talaka ya ce ai cutar masu kuɗi ce, ko kuma dabara ce ta cin kuɗin ƙasashen waje. Da aka zo Oktoban 2020 jama'a suka fasa rumbuna a jihohi da dama suka tarar da abincin tallafin korona jibge ba a raba ba, sai masu wannan magana suka ce, "Ba mun gaya muku ba?"

Na biyu, yanayin sana'a. Mai dakon huhun goro cikin zafin Afrilu, ko mai tsayuwa gaban wutar tsire, ko mai kokawa da bijimi a kara, in ka ce ya toshe hanci yini guda ka haɗa shi da aiki. Ga cin goro, wanda sai an tauna an tofar. Sannan cinikinmu na amana ne. Dillali na karɓar shanun miliyoyi ba takarda, ɗan canji na ƙirga kuɗi a gefen titi, duk da fuska ake yi. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, in an rufe fuskar wa za a tambaya?

Na uku, kuma shi ne babba a ganinmu, kunya. A tarbiyyarmu, ka zo gaban babba ko wurin mara lafiya ka toshe hanci, ai ka ce yana wari ke nan. Mun ɗauki ƙyallen a matsayin ƙyama. Mutum zai sa shi don ɗan sanda, wanda ba ya jin kunyarsa, amma da ya shigo zauren maigidansa sai ya cire, don kada a ce yana gudun mutane. Watau muna sa shi a titi inda iska ke kaɗawa, muna cire shi a ɗaki inda haɗarin yake.

A MASALLACI

Azumin 2020 ya kama ranar 24 ga Afrilu, a tsakiyar wannan hali. Mai Alfarma Sarkin Musulmi da ƙungiyar Jama'atu Nasril Islam suka yi kira a dakatar da tarukan tafsiri da asham cikin jam'i. Abin ya yi mana ciwo ƙwarai. Da aka buɗe masallatai sai wata muhawara ta taso, domin mu da muka yi Islamiyya mun karanta cewa rufe baki a cikin salla makaruhi ne, kuma an hore mu da haɗa sahu. Malamai suka yi bayani cewa larura na ɗauke karhanci. Suka tuna mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga garin da annoba ta faɗa, ya kuma hana na ciki fita. Suka kawo labarin Sayyidina Umar, wanda ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta sauka can sai ya juya da jama'arsa, ya nuna musu cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take.

Duk da haka ba kowa ya saki jiki ba sai lokacin aikin Hajjin shekarar. A 2019 alhazai sun kai kusan miliyan biyu da rabi. A 2020 kuwa ba a bar kowa ya zo daga waje ba, waɗanda suka yi aikin ba su wuce 10,000 ba. Muka gan su a talabijin suna ɗawafi da tazara, cikin harami, kowa da ƙyalle a fuska. Wani dattijo da ya fi kowa faɗa a kan maganar ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, in dai a Ɗakin Allah an sa, ni wane ne?" Hoton nan guda ya yi aikin da sanarwa ɗari ba ta yi ba.

YATSA YA SAKE NUNO MU

A watan Afrilun ne kuma labarin yawan mace-mace ya fara zuwa daga Kano, malamai da 'yan kasuwa da dattawa, kullum sai an bugo waya an ce wane ya rasu. A watan Yuni ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce bincike ya ƙirga mutum 979, kuma rabi ko fiye da haka na da alaƙa da korona. Ana cikin haka gwamnonin Arewa suka shiga mayar da almajirai jihohinsu, sannan jami'an tsaro a Kudu suka riƙa tare tireloli suna fito da samari da suka ɓuya cikin shanu da buhunan abinci. Jaridu suka ɗauka. Nan da nan kallon da ake mana ya sauya. Ka shiga mota, sai ka ga an matsa. Abin da ya faru da zangon Kumasi ya so ya maimaita kansa.

A wannan lokaci shugabannin unguwa da na kasuwanni suka yi ta jan kunne cewa duk Bahaushen da zai shiga gari ya rufe fuskarsa, ko don a zauna lafiya. Kuma an ga amfanin haka, domin ƙyallen ya zama kamar shaida cewa mu ma 'yan gari ne masu bin doka. Rikicin kasuwar Shasha na Fabrairun 2021, ko da yake ba ruwansa da korona, ya nuna mana yadda ƙaramar magana ke zama gobara tsakanin baƙo da ɗan gari. Wanda ke zaune a garin wasu ba ya raina abin da zai jawo masa zargi.

ABIN DA BA MU MANTA BA

A Janairun 2021 ana cikin zagaye na biyu na cutar, har Shugaban Ƙasa ya sa hannu a dokar da ta tanadi tara ko ɗaurin wata shida ga mai ƙin sa ƙyalle a wurin taro. Mu kuwa lokacin mun riga mun gaji, mun ce korona ta wuce.

A cikin hunturun nan wani maigidanmu, wanda a hannunsa da yawanmu muka koyi zaɓen goro, ya dawo daga asibiti bayan jinyar ciwon suga. Muka ɗunguma dubiya, mun fi goma sha biyar, ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sanyi. Biyu daga cikinmu na tari, muka ce murar hunturu ce. 'Yarsa, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta tare mu a bakin ƙofa da kwalin ƙyalle a hannu, ta durƙusa ta ce, "Baba, don Allah ku yi haƙuri ku sa wannan kafin ku shiga." Babbanmu ya ce, "Ke 'yar nan, mu za ki koya wa dubiya? Tun ba a haife ki ba muke cin tuwo ƙwarya ɗaya da ubanki." Ta ce, "Baba, ai ba ƙyamarku nake ba, shi nake jiye wa." Muka wuce ta muka shiga. Shi ma maigidan da ya ji, sai ya yi mata faɗa don ta kunyata shi gaban abokansa.

Bayan kwana takwas zazzaɓi ya rufe shi, numfashi ya gagara, kafin sati biyu muka kai shi makwancinsa. Ba a yi masa gwaji ba. Mun yi imani ajali ne, ba mai ƙara wa wani daƙiƙa. Amma ranar sadakar uku, da yarinyar nan ta fito ta gaishe mu, ba wanda ya iya ɗaga ido ya dube ta. Abin da ta roƙe mu bai fi ƙyallen naira hamsin ba, kuma mun ƙi ne don muna ganin girmama shi muke yi.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Allurar rigakafi ta iso Nijeriya ranar 2 ga Maris, 2021. A ƙarshen 2022 gwamnati ta janye sauran dokokin ƙyalle, ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce korona ta fita daga matakin gaggawa. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum 3,000 da 'yan kai suka rasu a Nijeriya, banda waɗanda aka binne ba gwaji. Allah Ya sassauta mana, ba don iyawarmu ba.

Da muka zauna muka yi tunani, abin mamaki shi ne rufe fuska ba baƙonmu ba ne. Sarakunanmu da manyan malamai na naɗa rawani su ja amawali ya rufe baki, kuma wannan alamar girma ce. Buzayen da ke gadi a unguwannin garin nan ba a ganin bakinsu. Matanmu da yawa na sa niƙabi. Fatake da direbobi da 'yan acaba na ɗaure hanci da hunturu saboda ƙura, ba wanda ya taɓa ce musu matsorata. Da tun farko an zo mana ta wannan ƙofa, aka ce amawalin lafiya ne, aka bar limamai da sarakunan unguwa da masu gidajen baƙi suka fara sawa, aka kuma fahimtar da mu cewa mai sawa ɗan'uwansa yake karewa, da labarin ya sha bamban.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da abubuwa uku. Ɗaya, a sami kwamitin lafiya na dindindin wanda zai haɗa limamai da 'ya'yanmu da suka karanci aikin asibiti, domin in wata ta taso bayani ya fito daga bakin da muka sani, kafin wayar tsakar dare ta riga shi. Biyu, a mayar da shi al'ada cewa mai tari ko mura ya rufe bakinsa in zai shiga masallaci ko dubiya, ko da ba a annoba, domin tarin fuka na nan tare da mu, kuma shi ma a numfashi yake tafiya. Uku, manya mu koyi sauraron yaranmu a kan abin da suka fi mu sani. Mu muka biya kuɗin karatun nan da ribar goro, bai kamata ranar amfaninsa mu ture shi ba.

Tsakanin marisuwa da korona shekara 102 ne, amma tsakanin Ebola da korona shida kacal. Rigakafi dai ya fi magani. Ƙyallayen nan uku mun sa an wanke su an adana, yaron da ya tambaya kuma mun zaunar da shi mun ba shi labari.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya yafe mana kurakuranmu, Ya kare mu daga annoba ta fili da ta ɓoye, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin. Wassalamu alaikum.